Ɗan Fulani a Wurin Kallo

(Bayan rumfar makaɗa, wurin bikin al'adu a Sakkwato, bayan la'asar. Bagobiri ne sanƙira, takardar jerin wasanni na hannunsa. Malam na kan benci da tazbaha. Ɗan Fulani ya iso da sandarsa.)

ƊAN FULANI: Bagobiri, wancan mutum ganga yake gasawa. Cin ta za a yi?

BAGOBIRI: Kotso na, ba tsire ba. In hwata tas sha sanyi sai ta saki, ka buga ka ji awa an mari buhun dussa. Ana nuna ta ga garwashi daga nesa, ana juyawa ana ƙwanƙwasawa har murya ta tashi, sannan a gyara nake, danƙon nan da ag ga tsakiya. In kam matsa ta ga wuta ƙwarai ta tsage, kiɗi ya mutu.

MALAM: Sharholiya! Ni wucewa nikai.

BAGOBIRI: Allah shi gafarta Malam, tun azahar kaka wucewa.

ƊAN FULANI: To a kaɗa mana.

BAGOBIRI: Ba yanzu ba. 'Yan kama ka farawa, su ka tara mutane. Sai wasan kwaikwayo tun da sauran haske, a ƙare kahin magariba. Kiɗin hwada sai bayan isha'i, sa'ad da manya sunka iso da aljihunsu. Ko Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi, ya tashi da taushinai, in ka sa shi yanzu kujeru zai yi ma kirari.

(Ɗankama ya shigo yana toshe kunne.)

ƊANKAMA: Wa ya aje lasifika bayana? Na buɗa baki tay yi kuwwa, yara sunka watse.

BAGOBIRI: A jawo ta gaba ga makirufo, ta dubi jama'a, ƙarar ta daina komawa ciki. Kai kuma bar tazarar yatsa huɗu tsakaninka da shi, ba ƙosai na ba. Janareta a kai shi can baya da doguwar waya.

MALAM: Wai kai mi kaka hwaɗi har mutane ka hwaɗuwa?

ƊANKAMA: Waƙar da kowa yas sani nika ɗauka, in bar karin yadda yake, in cika ta da tuwo da miya da hura. Wuyar aikin jira na. In dariya tat tashi sai ka yi shiru. In ka yi magana cikinta ta haɗiye maganar. Sai ta fara sauka ka jefa ta biyu.

ƊAN FULANI: In ba su yi dariyar ba fa?

ƊANKAMA: Kallo ya koma wurin mai rake. Ka taƙaita, ka sauka da mutuncinka. Shirun 'yan kallo ga mai wasan kwaikwayo riba ta, gare ni ta'aziyya. Kuma dariya iri-iri ta: yara tun ba ka gama ba, mata da guɗa, dattawa kuwa su ja rawani su ruhe baki. Su kahwaɗa aka duba.

(Duk suka juya. Kafaɗun Malam na rawa.)

MALAM: Tari na.

ƊAN FULANI: (ya ciro naira 200) Ungo, a ba mai tuwon nan.

BAGOBIRI: Ba haka aka yi ba. Ka shiga hili ka liƙa mai ga goshi, yaro shi kwashe ga faifai, ni in hwaɗa ma duniya. (ya ɗaga murya) Jama'a! Ɗan Arɗo ya ba da saniya!

ƊAN FULANI: Wace saniya?

BAGOBIRI: Da maraƙinta!

ƊAN FULANI: La'ilaha! Mai da mini kuɗina!

(An fara wasa. Mutum biyu sun lulluɓa da bargo sun zama saniya. Mai fitowa a ɓarawo ya lallaɓo ya kama igiya. Fili ya yi tsit.)

BAGOBIRI: (cikin raɗa) Kun jiya? Wanga shi na shirun da aka so. Ko mai rake ya aje wuƙa.

MALAM: Ina Ɗan Hillani?

(Tim! Tim! Ɓarawo ya saki igiya. Saniya ta rabu biyu, gaba ya yi gabas, baya ya yi yamma. Mata sun rangaɗa guɗa.)

BAGOBIRI: Kai! Aje sandag ga! Wasa na!

ƊAN FULANI: Na sani mana. Sharo ma ai wasa ne.