Kyamarar Jamus a Bikin Ƙauyenmu

Duk mai sana'ar hoto yana da kyamarar da yake mafarkin riƙewa, tawa kuwa ita ce Leica, wadda ake ƙerawa a garin Wetzlar na ƙasar Jamus, kamfanin da ya fitar da ƙaramar kyamararsa kasuwa tun 1925. Wadda nake neman abinci da ita tsohuwar Canon 600D ce, ƙirar 2011, da na saya ta hannu a Kano, murfin batirinta ma da robar ɗaure kuɗi nake riƙe shi. Da ita nake ɗaukar fasfo na 'yan makaranta, da suna, da saukar Alƙur'ani, da hawan salla idan na shiga Ringim, kuma ba ta taɓa sa an biyo ni gida da ƙorafi ba.

Da aka tashi aurar da ƙanwar wani ɗan garinmu da ke aiki a Jamus, sai ya iso da Leica M11 Monochrom, ya kira ni zaure ya ce da ita za a ɗauki bikin, tawa in bar ta ta huta. Ya shaida mini cewa kuɗinta ya haura dala 9,000, gilashin gabanta kuma daban ake sayensa. Da na yi lissafi a zuci, sai na ga ashe shanun huɗa da amalanke da gonar da za su nome zan rataya a wuyana, don haka daga lokacin ko atishawa ban yarda na yi da ƙarfi ba.

Hoton farko da na gwada ya fito baƙi da fari. Na ce, "Yallaɓai, launi bai fito ba." Ya yi murmushin wanda ya ga duniya, ya bayyana mini cewa sauran kyamarori suna da ƙananan matatan ja da kore da shuɗi a kan farantin da ke karɓar haske, ita kuwa da gangan aka ƙera ta babu su, domin haske ya shiga sosai kuma komai ya fito dalla-dalla. A nan dai gaskiyarsa ce, domin hoton da na ɗauki Baffa, mahaifin amarya, a cikin duhun zaure ya nuna kowane zare na rawaninsa da kowace furfura ta gemunsa, abin da Canon ɗina ba za ta iya ba ko da za ta kwana tana ƙoƙari. Wanda ke sayar wa mujallu hoto, ko yake baje kolinsa a Turai, yana iya fanshe kuɗinsa da irin wannan aiki. Ni masu ba ni aiki anko suke ɗinkawa.

A wajen kamu na gane sauran halayenta. Ba ta daidaita gani da kanta, sai mutum ya leƙa wata 'yar taga ya ga abu biyu-biyu, ya riƙa murɗa zobe har su haɗe su zama ɗaya, kuma kafin su haɗe yaran da na jera sun watse neman alewa. Ba ta da filashi a jikinta, ba ta ɗaukar bidiyo, abin da ya sa ƙawayen amarya suka tambaye ni ko dai a hanya aka cuci yayan nasu. Gilashin ba ya jawo abu kusa ko ya tura shi nesa, ƙafar mai hoto ce ke yin wannan aikin. Ina ja da baya domin matan anko su shiga gaba ɗaya sai dunduniyata ta faɗa bahon wanke-wanke, na tafi rigingine, hannuwana biyu a sama riƙe da amanar mutane. Mai ita ya rugo ya karɓe ta, ya hure ta, ya goge ta da gefen rigarsa, sannan ya tuna ya ce mini sannu.

Ranar da na kawo hotuna daga wanki, shi ya riga ya hau jirgi. Gwaggon amarya ta baje su a kan tabarma ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Kai ɗan nan, atamfar da muka sha rana a Kantin Kwari kafin mu zaɓa, kore da ruwan goro, ita ka mayar mana toka?" Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne leshinta mai tsada da na kishiyarta mai araha sun fito iri ɗaya sak. Masu wanki a Kano suka ce launin da bai shiga ba, babu injin da zai fito da shi. Haka mata suka sake cin ado na ɗauke su da Canon kyauta, lalle ya koɗe, amarya kuma tana ɗakinta a Gumel.

Hoton Baffa kaɗai kowa ya yaba, har wani jikansa ya ɗora shi a WhatsApp ba tare da ya rubuta komai ba. Mutane suka ga dattijo a baƙi da fari, sai addu'ar Allah ya jiƙansa ta fara shigowa, kuma kafin la'asar mota cike da dangi ta iso daga Haɗeja domin ta'aziyya, suka tarar da mamacin a ƙofar gida yana shan fura. Baffa ya karɓi gaisuwarsa da kansa, ya sa aka shigar da buhun geron da suka kawo, sannan ya aika a kira ni. Ya ce tunda ni na kashe shi, kuɗin man motar da za ta mayar da su yana kaina.