Kun sayar mana da hoton tafki, kun manta da agogo

Kwana shida ke nan gwiwata ta hagu na zogi, kuma kwana shida ke nan masu shirya tattakin nan ba su amsa saƙona ba. Sun dai samu sukunin ɗora sababbin hotuna a Instagram, har da nawa ina murmushi a bakin ruwa, sa'a biyu kafin murmushin ya ƙare. Tunda ba za su saurare ni a ɓoye ba, bari in faɗa a fili.

Tallarsu cewa ta yi tattaki ne na yini ɗaya, a bi gefen kogi a cikin tsaunuka har zuwa wani tafki, kilomita 14 zuwa da dawowa, "mai sauƙi, kowa zai iya". Hoton kuwa sai wanda ya gani: ruwa shuɗi shar, ganyen itatuwa ya koma ja da ruwan ɗorawa irin na kaka. Abin da ba su rubuta ba shi ne akwai hawa na kusan mita 700 a hanyar. Wannan sai da ƙafafunmu suka gaya mana.

Mu 23 ne, jagora ɗaya. Ɗaya tak! An ce a hallara ƙarfe 8, motar ba ta tashi ba sai 9 da rabi saboda ana jiran mutum biyu da ba a ma samu lambarsu ba. Ƙarfe 11 da rabi muka fara takawa.

A nan ne raina ya fi ɓaci, domin lissafin ba wani ilimin ɓoye ba ne. Tun 1892 wani mahayin tsauni ɗan Sikotlan, William Naismith, ya kafa ƙa'idar da masu wannan harka ke aiki da ita har yau: sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. A buga namu, sa'a 4 ke nan. Kuma wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ba ya tsayawa, ba ya cin abinci, ba ya ɗaukar hoto, ba ya jiran kowa. Ayari na mutum 23 kuwa tafiyar wanda ya fi kowa nawa yake yi, ko ya so ko ya ƙi. Kowace gadar katako sai an bi ɗaya bayan ɗaya, kowace kwana sai wani ya ciro waya. Sa'a 6 ma an yi ƙoƙari. Sha ɗaya da rabi a ƙara shida, ƙarfe nawa ke nan? Biyar da rabi.

Ranar kuma Lahadin ƙarshe ce ta Oktoba, ranar da yawancin ƙasashen Turai, har da inda muke, ke mayar da agogo baya da sa'a ɗaya. Rana ta faɗi wajen ƙarfe 5. A cikin kwari ma ba a jiran faɗuwarta, tun kafin la'asar ta yi sanyi take ɓuya a bayan tsauni, sai inuwa da sanyi. Jadawalin da suka ba mu na watan Yuni ne, lokacin da ake kaiwa ƙarfe 9 na dare da haske. Kwafo shi kawai suka yi suka canja kwanan wata. Ni baƙo ne, an yi mini uzuri in ban sani ba. Ku da kuke karɓar kuɗin mutane a kan wannan sana'a fa?

Da na tambayi jagoran a hanya ko za mu dawo da haske, sai ya nuna mini wani ƙyalli can sama tsakanin itatuwa, wai ga tafkin nan, mun kusa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Sai da muka ƙara sa'a guda da rabi.

Gaskiya tafkin ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Ruwan garau, kana ganin duwatsun ƙasa. Amma iska na kaɗawa kamar wuƙa, mu kuma mun jiƙe da gumin hawa. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, ban da aikin iska. Rabinmu rigunan auduga muka sa, auduga kuwa in ta sha gumi sai ta riƙe shi ta manne a jiki tana zuƙe ɗumi. Layi ɗaya a saƙon da suka turo da ya isa: ku zo da rigar ulu ko ta roba mai saurin bushewa, da ta ruwa, da tocila. Abin da suka rubuta shi ne "ku zo da fara'a". To mun zo da ita, ba ta ɗumama kowa ba.

Saukowa ce ta zama bala'i. Duk wanda ya taɓa bin gefen ƙorama a kaka ya san ganyen nan da ake yaba kyansa shi ne mugun. Ya zube ya jiƙe ya rufe saiwoyi da duwatsu masu gansakuka, ka taka kamar ka taka sabulu. Jagoranmu ya yi gaba da matasa masu ƙarfi, ko waiwaye babu. A ƙa'ida, babban ayari yana da mutum a gaba da mutum a baya wanda ba ya barin kowa a bayansa, kuma ana ƙirga kawuna a kowace mararraba. Mu ba a ƙirga mu ba ko sau ɗaya bayan mun bar tafkin.

Muka rage mu biyar a baya, har da wani dattijo da ya zo da 'yarsa. Wajen tsallake wani rafi ƙafarsa ta zame, ya shiga ruwa har cinya. Ruwan tsauni ne, mai sa ƙashi ciwo, kuma ruwa na janye ɗumin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu. Na ce, "Baba, ku riƙe kafaɗata." Ya ce, "Ba komai, ɗana, mu je." Bayan minti ashirin haƙoransa na haɗuwa, maganarsa ta fara sarƙewa. Wanda ya san abin ya san alamar ce: in zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an bar maganar jin sanyi an shiga maganar asibiti. Wata baiwar Allah a cikinmu ce ta ciro busasshiyar riga da shayi mai zafi daga jakarta. Jakar agajin gaggawa kuwa tana can gaba a bayan jagora, in ma akwai ta.

Duhu ya same mu da sauran kusan kilomita 3. Fitilar waya muka kunna, sanyi kuma ya cinye batir, tawa ta mutu daga kashi 30 kamar an hure. Babu sabis a cikin kwazazzabon balle a kira jagoran. Na riga na yanke cewa in dattijon ya zauna ya kasa tashi, 112, lambar kiran agajin gaggawa, za mu gwada da wayar da ta rage. A nan ne na gurɗe gwiwa, ina riƙe da mutum da hannu ɗaya ina laluben hanya da ɗayan.

Ƙarfe 7 saura muka iso wurin mota. Jagoran yana zaune a ciki, an kunna masa na'urar ɗumi. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne mun ɓata wa mutane lokaci. Wallahi da ba don dattijon na jingine da ni ba, da an ji mu.

Ku masu shiryawa, ga abin da na rubuta muku kuka ƙi amsawa. Ku daina kiran hanya mai hawan mita 700 "mai sauƙi". Ku rubuta tsawon hawa da lokacin faɗuwar rana a tallarku, ku sa lokacin juyawa wanda in ya cika a koma ko an ga tafki ko ba a gani ba, ku ɗauki mutum na biyu ya tsare baya. Kuɗina kuma ina so, ba takardar rangwamen tafiya ta gaba da kuka saba turo wa masu ƙorafi ba. Na ga kun sake tallata hanyar nan don Nuwamba, jadawalin bai canja ba ko da minti ɗaya. Ku kuma cire hotona daga shafinku yau.