Minsharin Yaro Mai Larurar Halitta: Nasiha Ga Iyaye

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa iyaye, musamman waɗanda Allah Ya ɗora wa renon yaron da aka haifa da wata larura a halittarsa, Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafa barci cikin ni'imominSa inda Ya ce a Suratun Naba'i: "Kuma Muka sanya barcinku ya zama hutu." To, akwai yaran da suke kwanciya tun bayan sallar isha'i har hantsi amma wannan hutu ba ya isa gare su, domin numfashinsu yana yankewa sau da dama a dare guda, alhali iyayensu suna ɗaki ɗaya da su, suna jin minsharin, suna cewa yaro ya yi nisa a barci.

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa da harshensa sukan saki. Ga mai lafiya wannan ba ya hana iska wucewa, amma yaron da hanyar numfashinsa ta kasance matsattsiya tun asali, sakin nan yakan rufe ta kamar tiyon ruwan da aka taka. Ƙirjinsa yana ta ƙoƙarin jan iska, iskar ba ta shiga, iskar da ke jininsa ta ragu, sai ƙwaƙwalwa ta firgita shi ya ja numfashi da ƙarfi ya koma barci. Da safe bai san an yi ba. A wurin likitoci, ko sau ɗaya zuwa biyu a kowace awa hakan ke faruwa ga ƙaramin yaro, ya riga ya zama abin dubawa.

Yaran da aka fi samun wannan matsala a cikinsu su ne masu larurar Down, wadda ke zuwa idan aka sami ƙari a kuromosom na 21, ɗaya daga cikin ƙananan zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki. Tsakiyar fuskarsu ƙarama ce, harshe ya cika baki, naman jiki kuma yana da sanyi, shi ya sa kusan rabinsu ko fiye suke fama da toshewar numfashi a barci. Saboda yawanta ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a yi wa kowane mai wannan larura gwajin barci kafin ya wuce shekara 4, ko da iyaye ba su lura da komai ba. Akwai kuma larurorin da ba kasafai ake ganinsu ba. Larurar Prader-Willi, wadda likitoci a Suwizalan suka bayyana a 1956, tana tasowa daga kuromosom na 15: jariri yakan zo jiki a sake, ba ya iya kama nono sosai, daga baya kuma ya kamu da yunwar da ba ta ƙoshi, ƙiba ta ƙara matse maƙogwaro. Mai larurar Pierre Robin ana haifarsa da ƙaramar haɓa, harshe ya koma baya, sau da yawa tare da tsagar ganda. Haka nan yaran da ke da wadanci na gado, da waɗanda ƙasusuwan kansu suka haɗe da wuri. Mu nan kuma kada mu manta da masu sikila, domin su ma an fi samun matsalar a cikinsu, ƙarancin iska a jini kuwa ba abokin mai sikila ba ne.

Abin da ya sa na ga wajibcin wannan nasiha shi ne wata kalma ta gaskiya da muke ajiyewa a inda ba muhallinta ba. Da zarar an ce yaro yana da larurar halitta, duk abin da ya same shi sai mu ce, "Haka Allah Ya yi shi." Lallai Allah ne Yake suranta mu a cikin mahaifa yadda Ya so, kamar yadda Ya faɗa a Suratu Ali Imrana, kuma yarda da ƙaddara rukuni ne na imani. Sai dai kuromosom ɗin da aka halicci yaro da shi daban, toshewar numfashinsa daban. Na farkon ba mu da ikon sauya shi, na biyun kuwa ciwo ne da ake magani. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar mata da waraka, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Yaron da ba ya samun barci mai kyau yakan zama mai rigima, mai ƙiriniya, ba ya riƙe karatu, ba ya girma yadda ya kamata, yana fitsarin kwance, mu kuma mu jingina duk wannan ga larurarsa, har wasu marasa tsoron Allah su kira shi ɗan ruwa. Idan abin ya daɗe, yakan ɗora wa zuciya da jijiyoyin huhu nauyi, ga shi kuma kusan rabin masu larurar Down da matsalar zuciya ake haifarsu.

Saboda haka, ya kai uba, ya ke uwa, ku ware dare guda ku zauna kusa da shi da fitila. Ku duba ko bakinsa a buɗe yake, ko ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa idan ya ja numfashi, ko minsharin yana ɗaukewa ɗif na ɗan lokaci sannan ya dawo da shaƙewa. Ku lura ko yana jiƙa shimfiɗa da gumi ba a lokacin zafi ba, ko yana banƙare wuya baya, ko yana barci a zaune ya kifa kai a kan ƙafafunsa. Waccan shaƙewar ba dannau ba ce, kuma ba aikin aljanu ba ne. Ku ɗauki bidiyonsa da waya na 'yan mintuna, a buɗe ƙirjinsa, domin yaron da likita zai gani da rana idonsa biyu ne, numfashinsa lafiya lau.

Ku kai wannan bidiyo wurin likitan yara ko likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai su a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Cikakken gwajin barci, wanda ake kwana a asibiti da na'urori a jiki, yana da wuyar samu a ƙasashenmu, amma wannan ba hujjar zama a gida ba ce. Mafi yawan lokaci matakin farko shi ne tiyatar cire tonsil, wato dunƙulen nama biyu da ke gefen maƙogwaro, da naman da ke bayan hanci. A yara masu larurar halitta tiyatar ba koyaushe take kawar da matsalar gaba ɗaya ba, don haka dole a koma a sake dubawa, wasu kuma sai an haɗa musu da na'urar da ke tura iska ta hanci a lokacin barci, ko an taimaka musu wajen rage ƙiba.

Ina yi muku gargaɗi da abubuwa biyu. Kada a kira wanzami ya cire beli da sunan maganin minshari, domin ba nan toshewar take ba, kuma zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta suna iya halaka yaron da dama numfashinsa bai da ƙarfi. Kada kuma a sayo maganin sa barci ko maganin tari mai sa maye a kemis don a samu yaro ya yi shiru, domin firgitar nan da ke tashinsa ita ce take ceton ransa, maganin kuwa danne ta yake yi. Idan za a yi masa wata tiyata ko da ta haƙori ce, a gaya wa mai ba da allurar barci cewa yana minshari.

Ga maza kuma, Annabi (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa abin tambaya ne a kan kiwon da aka ba shi. Bai dace uwa ta kwana tana gyara wa yaro wuya shekara da shekaru, maigida yana wani ɗaki yana ƙorafin ƙara ba. Bukhari ya ruwaito cewa Abu Huraira (RA) da matarsa da hadiminsa sukan raba dare uku, wannan ya yi salla sannan ya tashi wancan. Ku raba daren kamar haka, kuma kuɗin mota da na kati da na tiyata su shiga lissafin gida kamar yadda kuɗin hatsi yake shiga. Maƙwabta da dangi masu hali su ma su sani cewa ɗaukar nauyin irin wannan aiki sadaka ce.

Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.