Injinan Oyan da ke kwance, da ruwan da ke cin Kara

Duk shekara idan Satumba ta kama, hankalin 'yan'uwanmu masu shanu da raguna a kasuwar Kara, bakin hanyar Legas zuwa Ibadan, ba ya kwanciya. Da zarar an ce "an buɗe dam", sai a fara kora dabbobi zuwa tudu. Mutanen unguwannin Isheri da Agiliti da kewayen kasuwar Mile 12 ta Legas su ma su shiga ɗaure kaya.

Dam ɗin da ake nufi shi ne na Oyan, kusa da Abeokuta, wanda Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar a 1983. Ruwansa kan faɗa kogin Ogun, shi kuma Ogun ya gangaro da shi Legas. Na sha jin ana tsine wa masu sakin ruwan, amma ban ga laifinsu a nan ba. Dam in ya cika, dole a rage shi. Wanda ya ga abin da ɓallewar dam ɗin Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024 ba zai ce a riƙe ruwa har bango ya gaza ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne injinan. An girka wa Oyan injinan lantarki uku masu ƙarfin megawat 9 gaba ɗaya, aka bar su kwance shekara da shekaru. Injin irin wannan ruwa ne abincinsa. Da suna aiki, da ruwan yana fita ta cikinsu kaɗan-kaɗan tun daga rani, ta yadda damina za ta tarar da wurin zuba nata. Yanzu kuwa sai a tara, a tara, sannan a saki da yawa a lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi.

Na san megawat 9 ba komai ba ne kusa da 760 na Kainji, kuma injin kaɗai ba zai ceci gidan da aka gina a kan hanyar ruwa ba. Amma mai markaɗe da mai sayar da ƙanƙara, waɗanda man janareta ke cinye ribarsu, ba za su raina shi ba.

'Yan siyasa sukan shigo Kara da Mile 12 neman ƙuri'a. Ina roƙon shugabannin kasuwa, kafin a karɓi buhun shinkafa, a tambaye su ranar da za a kunna injinan Oyan.