"A bari ya yi ƙwari tukuna": maganar da ta fi ba ni tsoro kan allurar yaranmu a Legas

Daga Agege zuwa Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, yanzu da wuya ka samu magidancin da zai fito fili ya ce shi sam bai yarda da rigakafi ba. Wannan zamanin ya ja baya sosai. Abin da ya maye gurbinsa wata magana ce mai laushi, wadda in ka ji ta sai ka ɗauka hankali ne da tausayi: "Ni fa ba hanawa na yi ba, a dai bari yaron ya ɗan yi ƙwari tukuna, allurar ta yi yawa." Ni kuma wallahi wannan maganar ta fi ba ni tsoro a kan ta mai ƙi gaba ɗaya, don shi mai ƙi an san shi, ana iya zama da shi a yi magana, amma mai jinkiri shi a ransa ya gama yarda, babu mai bin sa, kuma yaron nasa haka yake zaune babu kariya a daidai watannin da ya fi bukatarta.

Kwanan nan kuma maganar ta samu sabon ƙarfi daga Amurka. Bidiyo ne ke yawo a WhatsApp, wani ya ɗora murya da Hausa a kai yana cewa ai ga shi su kansu Turawan sun farga. Gaskiya ne akwai rigima a can. Robert Kennedy ƙarami, wanda ya daɗe yana sukar rigakafi, ya zama sakataren lafiya a 2025, a watan Yuni na shekarar ya sallami duka mutum 17 na kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan allurai ya zuba nasa, a Disamba kuma sabon kwamitin ya janye shawarar da aka daɗe a kai ta a yi wa kowane jariri allurar ciwon hanta ranar haihuwa, suka ce in an gwada uwa ba ta da cutar to iyaye su zaɓa. Mai muryar ya tsaya a nan. Bai faɗa maka ƙungiyoyin likitocin yara na can sun yi watsi da matakin ba, bai faɗa maka a shekarar ce ƙyanda ta ɓarke a Texas har yara biyu da ba a yi wa allura ba suka mutu ba. Kuma babban abin da bai faɗa ba shi ne a can kusan duk mai ciki ana gwada jininta, masu ɗauke da ciwon hantar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, mu kuwa a Najeriya kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, yawanci ba su ma sani ba, matanmu da yawa har su haihu ba a taɓa yi musu gwajin ba, wasu ko awo ba su je ba. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma cutar zama take a jikinsa har girma, ita ce ke komawa dajin hanta mutum yana ɗan shekara talatin ko arba'in. To don Allah ta yaya za mu ari hukuncin da aka yanke wa wasu mutane masu wani hali daban mu ɗora wa jaririn da aka haifa a ɗaki ɗaya a Ijora?

Ba zan taɓa kiran mutanenmu jahilai don suna tsoro ba. Duk wanda ya san Kano ya san 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka mutu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma dai a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayar cuta ne, sai dai uwar da ta binne ɗanta ba ruwanta da wannan bambancin. Wannan tabon ne ya sa a 2003 da aka ce ɗigon shan inna yana hana haihuwa mutane suka yarda nan take, Kano ta dakatar da shi zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ba a dawo ba sai 2004 bayan an kawo wanda aka yi a Indunusiya. Amma a duba abin da dakatarwar ta haifar. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen ashirin, yaran da suka shanye a shekarun nan su ne samarin da muke gani yau a kan ɗan katako mai taya suna ratsa motoci a go-sulo, da yawansu namu ne, Hausa suke yi. 'Yan matan da aka ɗiga wa kuwa aka ce ba za su haihu ba, yau ga su da goyo, wata 'ya'yanta uku wata huɗu. An ga ƙarshen wannan gardamar da ido, a 2016 aka ga mai shan inna na asali na ƙarshe a Borno, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi, bayan sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun shiga aikin da kansu, bayan kuma an harbe ma'aikata tara a Kano a 2013 suna bakin aikin.

Yanzu mu dawo kan "ta yi yawa". Jadawalin da ke cikin katin nan ba wani ya zauna ya zana shi don son rai ba, an bi lokacin da kowace cuta ke kisa ne. Ranar haihuwa BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna, da ta hanta. Sati 6, sati 10, sati 14, a nan ne ake yin wadda ake ce wa Penta, allura ɗaya mai kare cuta biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora, a haɗa da ta namoniya da ɗigon gudawar rota da aka shigo da shi a 2022. Wata 9 ƙyanda da shawara da sanƙarau, wata 15 a maimaita ƙyanda. Me ya sa ake gaggawar sati shida? Saboda tarin shiƙa jarirai 'yan ƙasa da wata shida ya fi kashewa, ɗan shekara biyar zai yi tarinsa ya tashi, ɗan wata biyu numfashinsa ne ke ɗaukewa. Me ya sa ƙyanda sai wata tara? Saboda kafin nan kariyar da ya gada daga jikin uwa tana iya hana allurar kamawa, bayan nan kuma kariyar ta ƙare yaro ya zama fili. Wanda ya ce a bari sai yaro ya shekara biyu kamar mai cewa zai gyara rufin ɗaki ne amma sai damina ta wuce. Batun kuma jikin jariri ba zai iya ɗauka ba, yaron da ke rarrafe a tsakar gidan haya yana kai komai baki, ƙwayoyin da jikinsa ke fama da su a wuni guda sun fi abin da ke cikin alluran nan nesa ba kusa ba.

Zancen galahanga da ake jingina wa allurar ƙyanda shi ma daga waje aka kawo mana. Wani likita ne a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa shi a wata mujallar likitoci a 1998 a kan yara 12 kacal, daga baya aka gano maguɗi, mujallar ta janye rubutun a 2010, aka ƙwace masa lasisi. A Denmark an bi yara sama da dubu 650 ba a samu wata alaƙa ba. Ba sai na daɗe a nan ba.

Abin da ya kamata a daɗe a kai shi ne abin da allura ke yi da gaske, wanda ma'aikata ba sa tsayawa su faɗa. Na raka iyali ranar rigakafi a wani asibitin unguwa, benci cike da mata, ana kiran suna, ana rataya yaro a sikeli, nas ɗaya tana cika kati tana zuba bayani da Yarabanci tana haɗawa da Turancin buroka, cikin sauri, don layi ya kai waje. Kusa da mu wata yarinya ce Bahaushiya da goyonta na fari, ga alama ba ta daɗe da zuwa Legas ba, duk abin da aka ce sai ta gyaɗa kai. Da aka gama aka miƙo mata kati ta juyo wajen mai ɗakina ta ce, "Yaya, don Allah me ta ce? Yaushe zan dawo?" Ba ta ji ranar dawowa ba, balle ta ji cewa yau da dare jikin yaron zai iya zafi, cinyar ta ɗan kumbura, ya yi ta kuka, kuma kwana ɗaya ko biyu zai wuce. To ku ɗauka an kai dare yaron ya yi zafi rau, maigida ya dawo daga kasuwa a gajiye, me zai ce? "Na faɗa miki. Ba za a ƙara kai min ɗa ba." Shi kenan an rasa Penta ta biyu da ta uku, kuma ba Kennedy ne ya jawo ba, rashin mai yin bayani da Hausa na minti biyu ne.

Zazzaɓin nan gaskiya ne, kumburin gaskiya ne, wurin BCG yana yin ɗan ƙurji bayan makonni ya fashe ya bar tabo, wannan ma daidai ne kada a matse kada a shafa komai. Akwai kuma wanda jikinsa ke yin mummunar ƙin allura nan take, yana faruwa amma kusan ɗaya cikin miliyan ne, shi ya sa ake cewa a ɗan zauna kafin a tafi. Har ɗigon shan inna yana da nasa, ƙwayar da aka raunana tana iya yawo a unguwar da yara da yawa ba su karɓa ba har ta yi ƙarfi ta shanye wani, wannan ne nau'in da ake fama da shi yanzu a Arewa, kuma shi ya sa har yau ake bi gida-gida. A faɗa wa mutane haka ƙarara. Ɓoyewa ce ke sa in mutum ya ji daga bakin wani ya ce ashe dama ƙarya ake mana.

Mu 'yan Legas kuma muna da wata matsala tamu ta daban, zirga-zirga. Mace ta tafi gida goyon ciki, ta haihu a Katsina ko Sakkwato ko Damagaram, a yi BCG in an yi sa'a, ta zauna wankan jego, ranar da ya kamata a yi allurar sati shida ita ce daidai lokacin da ake shirin yawon arba'in, daga nan sai shirin dawowa, kati ya zauna a ƙasan akwatin kaka. Ta iso Agege da ɗan wata huɗu, tana jin kunya ko tsoron nas za ta yi mata faɗa, sai ta ƙi zuwa. Yaron ba ya cikin lissafin can, ba ya cikin na nan. A cikin yara sama da miliyan biyu da aka ce ba su taɓa karɓar Penta ko ɗaya ba a Najeriya, adadin da ya sa muke sahun gaba a duniya, ina da yaƙinin irin waɗannan namu na kan hanya suna da yawa. Kuma mashaƙo ya nuna mana kuɗin da ake biya. Tun ƙarshen 2022 ya ɓarke, Kano ta fi kowa shan wuya, mutum sama da dubu suka mutu a ƙasar, mafi yawa yara ne da ba su kammala allura ba. Legas ma ba ta tsira ba, a Maris 2025 ya shiga makarantar King's College da ke Victoria Island har ɗalibi ya rasu. Motocin da ke sauke tumatir da shanu kullum su ne ke kawo mu su mai da mu, cuta ba ta tsayawa a Jebba ta nemi izini.

Don haka ni kukana biyu ne kuma na fi kai shi wajen maza 'yan uwana. Alhaji, Malam, kai ne ake jira ka ce a je, kai ne ke ba da kuɗin Keke, kuma kai ne ba ka taɓa buɗe katin nan ka ga me ke ciki ba. In kana da tambaya ka je da kanka ka yi ta, haƙƙinka ne a nuna maka kwalbar, ka ga ranar lalacewarta, ka ga daga cikin sanyi aka ciro ta, ka ga an fasa sabon sirinji a gabanka. Hukumar lafiya matakin farko ta jihar Legas kuma, tunda ta san inda muke zaune, ta sa mai jin Hausa ko mutum ɗaya a asibitocin Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Ojo ranar rigakafi, akwai 'ya'yanmu mata da suka yi karatun lafiya suna zaune a gida, sarakunan Hausawa na unguwannin nan za su kawo sunayensu gobe in an tambaya. A kuma daina karɓar 'yan kuɗin kati da na safar hannu da wasu wurare ke yi, tunda allurar kyauta ce a asibitin gwamnati, ɗari biyar ɗin nan tana mayar da uwa gida.

Wadda kuma katinta ya ɓata ko wata ya wuce mata, ta ɗauki yaron ta je haka nan. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, kuma ko yaro ya wuce shekara ana cike masa yawancin abin da ya rasa. In an yi a Arewa kafin a taho, a ɗauki hoton katin a waya tun kafin a hau mota.