Daɗewa a aiki daban, iya aiki daban

Akwai maganar da duk lokacin da na ji ta sai ta tsaya mini a rai: "Ni fa shekarata 15 ina wannan aikin." Galibi ana faɗinta ne don a rufe bakin mai gyara. To amma 'yan uwa, a cikin shekarun nan 15 koyo aka yi ta yi, ko kuwa a shekarar farko aka koya, sauran 14 aka yi ta maimaici?

Da kaina zan fara. Shekara 6 na yi ina rubuta rahoton wata-wata a wurin aikina. Ina zuwa da wuri, ba na tashi sai na gama, babu wanda ya taɓa kama ni da ha'inci. Wata rana sabon shugaban sashenmu ya kira ni, ya ajiye rahoto biyu a kan tebur, ya rufe kwanan watansu da hannu. Ya ce, "Malam, duka naka ne. Wanne ne na shekarar da ka fara, wanne ne na watan jiya?" Na karanta, na sake karantawa. Wallahi na kasa bambancewa. Doguwar shimfiɗa iri ɗaya, muhimmiyar magana a binne can shafi na uku, hatta kalmomin rufewa ba su canja ba. Na ce, "Yallaɓai, ai haka na tarar ana yi." Ya ce, "Na sani. Amma ka taɓa tambayar masu karantawa abin da suke nema a ciki?" Ban taɓa ba. Ranar da nauyin zuciya na koma gida, domin na gane jikina ne kawai yake zuwa aiki, hankalina ya daɗe da daina zuwa.

Daga baya na ci karo da binciken Anders Ericsson, masanin halayyar ɗan Adam, wanda shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 a kan ɗaliban gogen Turawa a wata makarantar kiɗa da ke Berlin. Sun gano cewa zakarun cikinsu sun tara kimanin sa'o'i 10,000 na atisaye kafin su cika shekara 20. Jama'a suka kama adadin suka yi ta yayatawa, suka bar asalin maganar. Abin da Ericsson ya nanata shi ne irin atisayen: ka ware wurin da kake da rauni, ka tsaya a kansa da dukkan hankalinka, wani wanda ya fi ka ya nuna maka kuskurenka, ka gyara, ka sake. Irin wannan babu daɗi, gajiyarwa yake yi, shi ya sa yawancinmu muke gudunsa mu koma ga abin da hannu ya saba. Ana cewa yau da gobe ita ke sa allura ta haƙa rijiya, kuma gaskiya ne, amma fa sai in mai allurar yana duban inda yake sokawa.

Ba ni kaɗai ba ne mai zuwa aiki da gangar jiki. Ƙididdigar 2023 ta Gallup, kamfanin binciken ra'ayin jama'a, ta nuna kashi 23 cikin 100 ne kacal na ma'aikatan duniya suka sa zuciyarsu a aikinsu. Ba zan ɗora laifin duka a kan ma'aikaci ba. Shugaban da ba ya yabawa, ba ya gyarawa, ba ya ma sanin ka zo, shi ma yana kashe himma. Sai dai wanda ya ce zai jira a gyara masa shugaba kafin ya farka, shekarunsa ne suke tafiya, ba na shugaban ba.

Inda na fi shan wuya shi ne ɗorewa. Sati biyu ina zumuɗi, na uku na saki. Na ɗauka rashin ƙwazo ne, domin na sha jin cewa kwana 21 ya isa mutum ya kafa sabuwar ɗabi'a. Ashe ba haka ba ne. A binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2009, an bi mutum 96 da kowannensu ya zaɓi ƙaramin abu guda da zai riƙa yi kullum. A tsaka-tsaki sai da aka kai kwana 66 kafin abin ya zame musu jiki, wani ya samu a kwana 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abin da ya fi kwantar mini da hankali: tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ni kuwa da na fasa sau ɗaya sai in ce shi ke nan, na ɓata.

Sai na rage buri. Na ɗaure sabon abin a jikin wanda na riga na saba: da na zauna a kujera da safe, kafin in taɓa waya, minti 20 na ɗauko sakin layi ɗaya daga tsohon rahoto in sake rubuta shi da rabin kalmominsa. Duk ƙarshen wata kuma in kai wa wani cikin masu karantawa in ce, "Don Allah nuna mini inda ka gaji." Karon farko wata abokiyar aiki ta ja layi tun a jimla ta biyu. Ya yi mini zafi, amma matambayi ba ya ɓata. Bayan wata takwas rahoton ya dawo shafi ɗaya, aka fara kirana taron da a da ba a sa ni.

Yanzu abin da nake fama da shi magana ce a gaban jama'a. Ina naɗar muryata a waya in saurara da dare, in ƙirga sau nawa na ce "wato" babu dalili. Daren farko 31 na ƙirga cikin minti biyar. Jiya 12 ne, kuma yau kwana na 24 ke nan.