Ɗan Aji Shida, Ka Ji Tsoron Addu'ar Ɗan Aji Ɗaya

Assalamu alaikum. An koma makaranta, kuma nasihar yau taku ce, 'ya'yana 'yan SS3, musamman na makarantun kwana.

Satumba ta kama, sababbin 'yan JSS1 sun iso. Ka dubi ɗaya daga cikinsu da kyau. Yaro ne ɗan shekara 11 ko 12, wandonsa har jan ƙasa yake don an ɗinka masa ne ya kai shi aji uku. Ga akwatin ƙarfe an rubuta sunansa da fenti. A ciki akwai garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, da yaji a gwangwanin madara. Wataƙila sai da mahaifiyarsa ta ɗauki adashi, ko ta sayar da akuya, kafin kayan nan su haɗu. Bai saba da gabza ba tukuna, bai san hanyar famfo ba, da dare kuka yake yi cikin bargo kada a ji.

Shi ne za ka tsaya a kansa ka ce, "Kai, buɗe akwatinka"?

Na san amsar da ake bayarwa: mu ma haka aka yi mana. Gaskiya ne, ni ma an yi mini. Na yi tsallen kwaɗo har na kasa tsugunawa, na wanke kayan wani siniya da asuba cikin hunturu, hannuna na tsagewa. Abin kunyar shi ne da na kai aji shida sai na rama a kan yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Akwai wanda na ƙwace wa gwangwanin Milo. Har yau ina tuna yadda ya tsaya yana kallona bai ce uffan ba. Ban san inda yake ba balle in nemi gafararsa, kuma haƙƙin bawa sai bawan ya yafe.

Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, cikin wasiyyar da ya yi masa akwai cewa ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Bai ce sai in wanda aka zalunta babba ne ba. A wani hadisin kuma ya ce ba ya tare da mu, wanda ba ya tausayin ƙaraminmu kuma ba ya girmama babbanmu.

Kai da WAEC da NECO da JAMB ke gabanka a shekarar nan, za ka tashi tsakar dare kana roƙon kiredit a Turanci da Lissafi. A ɗakin nan dai, kan gadon ƙasa, wani yaro ya ɗaga hannu yana cewa "Allah ya isa." Me ka tanada wa wannan?

Firifet, ba a ce kada ka tsawata ba. Ka tashe su sallar asuba, ka sa a yi shara, wannan amana ce aka ɗora maka. Amma abincinsa da kuɗinsa da lokacin karatunsa ba sa cikin amanar.

In ka riga ka karɓi wani abu a makon nan, ka kira yaron gefe bayan sallar isha'i, ka mayar masa, ka ce, "Ƙanena, ka yafe mini."